Ranar da Motata Ta Kwance wa Baffa Rawani

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka ɗaura wa ƙanena Sanusi aure a Birnin Tsaba. Ko na so in manta, 'yan gidanmu ba za su bari ba. Har yau duk inda aka taru, suna ne ko biki, da hira ta fara sanyi sai wani ya kalle ni ya ce a tuna masa labarin motar nan. Shi ya sa na ga gara in faɗa da bakina, domin masu faɗa suna ƙara gishiri, alhali wanda ke ciki ma ya yi yawa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a Ƙaura. Cikin abin da ya bari akwai wata tsohuwar motar Amurka, ja, mai ƙofa biyu da dogon gaba kamar kwalekwale. A hannun wani Bature injiniya ya saye ta lokacin da zai koma ƙasarsu. Injinta silinda takwas ne, idan ta yi gurnani har kwanon rufin maƙwabta sai ya amsa. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a gindin dogon-yaron ƙofar gida, kajin Inna suna zuba ƙwai a kujerar baya. Da aka zo rabon gado ni kaɗai na miƙa hannu na ce ina so (kuma na lura babu wanda ya yi min gardama, abin da ya kamata ya sa ni tunani).

Ni ne babba a ɗakinmu, amma a shekaru kawai. Sanusi shi ne mai natsuwar, ya yi karatu har ya zama malamin firamare. Ni kuwa na gama sakandare da irin sakamakon da ba a nuna wa baƙo, na buɗe shagon kaset a bakin kasuwar hatsi. Lokacin jiharmu tana sabuwa, shari'a ta shigo da zafinta. Na kwashe kaset ɗin kiɗa na cika kanta da na wa'azi, na ɗage wando, na fara tara gemu. Duk wannan a waje ne. Son a gan ni da ke cikin raina, wa'azin da nake saki tun safe har magariba bai taɓa shi ba, ko da yake na fi kowa kusa da lasifikar.

Abokina Lawali makaniki shi ya tayar da motar. Lawali mutum ne da bai taɓa cewa wani aiki ya fi ƙarfinsa ba. Ko jirgin sama ka kai masa zai ce ka dawo bayan la'asar. Ya yi ta fama da ita har ta tashi, na riƙa zagaya gari a cikinta, 'yan bumburutu suna ɗaga min hannu tun daga nesa, domin wajen shan mai ta fi raƙumin da ya fito daga hamada. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku.

Wata Alhamis muka je kasuwar Shinkafi neman tsofaffin tayoyi. A layin masu tsofaffin ƙarafa muka ga wani farin ƙarfe mai siffar akwati, jikinsa haƙarƙari-haƙarƙari, cikinsa wasu murɗaɗɗun ƙarafa biyu da ke juyawa cikin juna. Lawali ya durƙusa gabansa kamar ya ga surukinsa. Ya ce wannan shi ake kira sufacaja. Ya ce in ɗauki inji kamar wutar maƙera, wannan kuma zugazuginsa: bel ke juya shi, shi kuma ya dinga ɗura wa injin iska da ƙarfin tsiya, wuta ta ƙara ruruwa, motar ta koma kamar an haɗa biyu wuri guda. Mai kayan, wani mutumin Nijar, ya ce daga motar wani Nasara mai tseren hamada aka ciro shi. (Daga baya muka gano daga mataccen injin gireda ne na masu aikin hanya, amma a ranar ko Inna ce ta faɗa min haka da sai na yi mata musu.)

Ɗora shi ya ci mu makonni, domin babu abin da ya yi daidai da ɗan'uwansa. Mai walda ya yanko mana faranti aka ɗaure a bisa injin, aka aza sufacajan, aka aza kafireta a samansa. Fulin da zai juya shi daga injin niƙa muka samo, bel ɗin ma haka. Da aka gama sai bonet ya ƙi rufuwa. Muka kalli juna, muka kira mai walda ya huda bonet ɗin mahaifina, abin ya leƙo waje kamar tukunya a kan murhu, bakinsa a buɗe yana kallon sama, bel ɗinsa yana juyawa a fili. Matacin iskar motar bai shiga ba, don haka Lawali ya samo rariyar tankaɗe ya ɗaure a bakin da waya.

Amma fa gaskiya, ranar da muka tayar da ita na ji abin da ban taɓa ji ba. Ban da gurnanin da ta saba, sai ga wani siririn kuka a sama kamar na shirwa, ka taka ya ƙaru, ka saki ya sauka. Da na ɗan gwada ta a hanyar bayan gari sai na ji kujera ta manne min a baya. Na dawo gida ina jin Ƙaura ta yi min kaɗan.

To, a daidai lokacin ne auren Sanusi ya taso. Yarinyar sunanta Saratu, ya daɗe yana nemanta, har ya rame a kanta. Mahaifinta Malam Ɗahiru yana koyarwa a Zurmi, gidansa kuma a Birnin Tsaba. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya wasa da lokaci. Ranar da aka je sa rana mutanenmu sun makara, ya bar su zaune a zaure ya tafi gonarsa, sai da aka haɗa da ban-haƙuri. (Ni na kai su ranar ma, amma lokacin ba a sa wa motar sufacaja ba, kuma da wannan hujjar na kare kaina a gida.) Don haka ya aiko da saƙo a fili: ɗaurin aure da hantsi ne, idan rana ta take tsaka bai ga wakilinmu ba zai naɗe tabarmarsa ya ɗauka mun fasa. Duk wanda ya san shi ya san zai aikata.

Wakilin namu kuwa Baffa ne, ƙanen mahaifinmu, wanda ba a daɗe da ba shi alƙalanci ba a ɗaya daga cikin sababbin kotunan shari'a. Baffa ba mai yawan magana ba ne, idan ya kalle ka kawai sai ka fara tuno laifukanka na bara. Tun da nake ban taɓa ganinsa ba rawani ba. 'Ya'yansa ma na tambaye su, sun ce su ma sai dai labari.

A shekarun nan an hana kiɗa a biki. Ba kalangu, ba ganga, sai walima da wa'azi, a ci shinkafa a watse. Ni dai a baki na ce madalla, amma a zuci ina ganin bikin ƙanena ba zai tafi shiru kamar zaman makoki ba. Na yi ta tunani har na gano babu dokar da ta hana kukan inji. Tun da an hana kalangu, ni zan zama kalangun. Har na aika wa sanƙiran Birnin Tsaba, mai shelar ɗaurin aure, da ɗan abin goro, na ce ya shirya jama'a, wan ango zai shigo da Alƙali a motar da ba a taɓa ganin irinta ba a ƙasar Zurmi.

Ranar da safe aka cika bas da maza, har da Sanusi da abokansa. Baffa yana da wani sulhu da yake ƙarasawa a zaurensa, ya ce su yi gaba zai biyo motar tasha. Na yi wuf na ce ai ga mota a gida. Sanusi ya ja ni gefe, ya riƙe hannuna, ya ce, "Yaya, don girman Allah. Ka san halin Malam." Na ce ya kwantar da hankalinsa, kafin bas ɗinsu ta huce mun iso. Har na sa aka sauke huhun goro da kwalin alewa daga bas aka zuba a but ɗina, don in tabbatar ba za a fara komai ba sai da ni.

Baffa ya gama sulhunsa da wuri. Ni ne ban gama ba. Na wanke motar, na goge ta, na sa shaddata sabuwa, na tsaya ina kallonta. Sai rariyar nan ta tsone min ido. Mota kamar wannan, a ce da kayan tankaɗen tuwo a goshinta? Na sa filaya na cire. Lawali da zai raka mu ya zagayo ya duba, ya ce gaskiya ta fi kyau haka, kuma kukan zai fi fita. Bayan haka ma sai da na ƙara ɓata lokaci da gangan, wai don jama'a su gama taruwa kafin in shigo.

Da Baffa ya fito, cikin farar babbar riga ta sha guga da farin rawani mai doguwar jela a kafaɗa, ya tsaya ya daɗe yana kallon abin da ya leƙo daga bonet. Ya tambaya ko motar ciwo ta yi ta kumbura. Na fara yi masa bayanin wutar maƙera da zugazugi. Ya ɗaga hannu ya ce in kai shi dai lafiya, ya yi bismilla ya shiga gaba, Lawali ya lanƙwashe a baya.

Mun fita Ƙaura lafiya. Ina tuƙi a hankali saboda Baffa, amma ƙafata tana ƙaiƙayi. Duk ƙauyen da muka ratsa sai in ɗan taka shirwar ta yi kuka, mutane su miƙe daga gindin itace. Baffa yana jan carbi, sai dai na lura ɗaya hannun ya riƙe ƙofa.

Lokacin kaka ne, an yi girbin gero. Wanda ya san hanyoyinmu ya san a irin wannan lokaci manoma kan baza zangarniya a kan kwalta don motoci su taka musu, su huta da sussuka. Kowane direba ya san ladabin abin: ka rage gudu, ka bi ta kai a hankali, mai gero ya ɗaga maka hannu, ka ɗaga masa, kowa ya sami lada. Muna dab da Birnin Tsaba, har muna hango rufin masallaci, sai ga shimfiɗar gero doguwa a gabanmu, wani dattijo da malfa yana tsaye a gefe da amalankensa na shanu, mata suna sheƙa a ƙasan hanya.

Na san ladabin sarai. Amma na lissafa cewa daga nan za a iya jiyo ni a cikin gari. Na ce a raina yanzu ne lokacin kalangu. Na taka har ƙasa.

Motar ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi ba, ta zabura. Geron bawan Allah ya tashi sama ta ko'ina kamar an watsa ruwa, ƙaiƙayi ya turnuƙe hanya, ya shigo ta tagogi ya rufe mu. Bakin nan da na cire wa rariya kuwa ya buɗe ya shaƙi rabonsa, ƙaiƙayi da tsaba da guntun zangarniya. Ba mu yi nisa ba ta fara tari. Ta yi atishawa mai ƙarfi har wuta ta fito ta saman bonet, ta yi shiru, ta gangara gefen hanya ta tsaya.

Baffa ya tofar da wani abu daga bakinsa, ya kakkaɓe gemu. Dattijon mai gero ya iso yana ɗingishi, bakinsa cike da magana, amma da ya leƙo ya ga rawani sai ya haɗiye ta ya durƙusa ya yi gaisuwa. Baffa ya fita ya ba shi haƙuri da kansa, ya ce a bar maganar geron a hannunsa. Na san abin da wannan ke nufi, amma a lokacin ba shi ne a gabana ba. Inuwar motar ta fara shigewa ƙarƙashinta. Rana tana neman tsaka.

Lawali ya cire riga ya hau aiki. Ya zaƙulo abin da zai zaƙulo da yatsa, ya hura, ya tsotsi mai da tiyo ya ɗura a bakin kafireta. In murɗa makulli, ta yi kamar za ta tashi, ta fasa. Mata sun bar sheƙa sun matso, masu wucewa a keke sun tsaya, kafin ka ce me an yi mana da'ira. Jama'ar da nake nema ta samu, sai dai ba a inda na so ba.

Da abin ya ƙi, Baffa ya matso gaban motar. Ya ce da Lawali ya ja baya. Ya ce tun da dabararku ta ƙare, bari a gaya wa Mai abin. Ya naɗe hannun riga, ya sunkuya daidai bakin sufacajan, ya fara karanta addu'a zai tofa. Jama'a suka ɗaga hannuwa. Dattijon ya cire malfarsa. Har Lawali, da ban taɓa gani a sahun farko ba, ya sunkuyar da kai.

Ni ina zaune a kujerar direba, hannuna a kan makulli. Ina kallon rana, ina tuna fuskar Sanusi, ina kuma jin addu'ar Baffa ta ƙi ƙarewa, domin Baffa idan ya fara addu'a sai ya biyo ta kan annabawa ɗaya bayan ɗaya. Sai Shaiɗan ya raɗa min cewa ai an karanta da yawa, wataƙila ta riga ta kama, me zai hana in ɗan gwada. Ban jira an shafa ba. Na taka mai, na murɗa.

Ta tashi. Wallahi ta tashi, da wani irin ƙarfi kamar ba ita ba. Iskar bakin ta fizgo jelar rawanin Baffa, bel ya cafke ta, fuli ya fara naɗewa. Ta gilashi nake kallon kan Baffana yana juyawa kamar ana warware zare daga mazari, rawanin yana barin kansa yana komawa kan fulin injin niƙa. Allah ya taimake mu ranar bai yi amawali ba, bai zagayo da shi ta wuya ba, da yanzu wani labarin ake yi. Kafin in lalubo makullin rawani ya ƙare, jar hular da ke ƙarƙashinsa ta bi shi, bel ya tsinke da ƙara, motar ta sake yin atishawa ta feso masa baƙin hayaƙi da sauran ƙaiƙayi a gaban riga, ta mutu mutuwar da ba ta sake tashi ba ranar.

Baffa ya miƙe tsaye a bakin hanyar Zurmi, hannuwansa har yanzu a buɗe kamar mai jiran amin, kansa a waje. Ashe sanƙo ne da shi, tas, mai sheƙi, rana tana dukansa. Matan suka juya baya suka ja mayafi. Mazan kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wani daga baya can, da bai ga abin da ya faru ba, ya ce amin shi kaɗai.

Na fito, na cire hulata na miƙa masa da hannu biyu. Ya kalli hular, ya kalle ni.

"Hular da ta zauna bisa wanga kai?" ya ce a hankali. "Mayar da abinka, kar ta shafa min."

Ya juya wurin dattijon ya roƙi aron malfa. Ya kuma tambaye shi ko shanun nan suna iya kai mutum cikin gari. Dattijon ya ce suna iyawa, ranka ya daɗe, sai dai ba su da sauri. Baffa ya ce ya ga sauri yau, ya ishe shi.

Haka aka shimfiɗa masa buhu a kan amalanke ya hau ya zauna, ya miƙe baya kamar yana kan kujerar kotu. Na ɗauko huhun goro zan aza a gefensa, ya ce a'a, shanun sun gaji, in ɗauko a kai. Muka bar Lawali yana gadin mota yana warware rawani daga fuli. Amalanke a gaba, ni a baya cikin sabuwar shadda, goro a ka, kwalin alewa a hammata, ƙaiƙayi yana cin wuyana ba hannun susa.

Abin da ban sani ba shi ne sanƙira ya riƙe amanata fiye da yadda na so. Tun hantsi yake cika jama'a da labari, cewa Alƙali yana tafe a motar Amurka mai numfashi da hanci, wadda ke cin tafiyar yini kafin a gama alwala. Da suka jiyo kukan nan daga nesa ya ce to ga ta nan, a gyara. Aka gyara, aka buɗe hanya, aka yi ta jira. Shiru. Har Malam Ɗahiru ya duba sama, ya sa takalmi, ya ce a fara naɗe tabarmi. Sanusi, aka ce, yana jingine da bango kamar wanda aka zare wa laka.

A daidai nan muka shawo kwana. Sanƙira ya hango amalanke ya taso da faɗa, yana cewa a kauce da shanun nan, manyan baƙi ake jira, wane ne wannan bai san ana sha'ani ba. Sai da ya zo dab ya leƙa ƙarƙashin malfar. Na ga bakinsa ya buɗe ya kasa rufuwa. Amma sanƙira sanƙira ne, nan take ya juya ya fuskanci jama'a ya ɗaga murya ya ce ga Alƙali ya iso, mai tawali'u, wanda ya bar motar Amurka ya hau abin hawan talakawa. Sannan ya nuna ni ya ce ga kuma wan ango, direban da ya fi motarsa isowa.

Baffa ya sauko, ya yi sallama, ya zauna a gaban Malam Ɗahiru da malfarsa da baƙin hayaƙi a ƙirji, ko gezau. Malam Ɗahiru ya daɗe yana kallonsa. Na ga gemunsa yana motsi, ya kai hannu ya rufe baki kamar mai tari. Ya cire takalmin da ya sa, ya ce a mayar da tabarmi. Ya tambayi Baffa ko lafiya. Baffa ya ce lafiya lau, ɗanmu ne ya ɗan gwada mana ilminsa a hanya.

Aka raba goro, liman ya yi huɗuba. Baffa ya ce suna nema wa ɗansu Sanusi auren ɗiyarsu Saratu. Ina lura da shi, ƙaiƙayin nan yana cinsa kamar yadda yake cina, amma ko sau ɗaya bai kai hannu ba, sai dai kafaɗarsa da ke ɗan motsi cikin riga. Malam Ɗahiru ya gyara zama.

"Mun ba ku," ya ce. "Amma da sharaɗi guda. Ɗiyata ba ta shiga motar wancan yaro. Ko da ƙafa ne ku kai ta, na yarda."

Baffa ya ce sun karɓa, da sharaɗin duka. Ni na ɗauka a nan maganar za ta tsaya, tsakanin manya. Na manta aikin sanƙira shi ne ya maimaita duk abin da aka faɗa don na nesa su shaida. Ya miƙe ya faɗi sunan ango, ya faɗi na amarya, ya ce an ba da, an karɓa, sannan ya ƙara da iyakar muryarsa cewa jama'a su shaida, amarya ba ta shiga motar wan ango. Ya faɗa gabas, ya juya ya faɗa yamma. Daga cikin gida na jiyo mata sun kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa duk da an hana. Aka shafa fatiha, kowa yana shafawa kafaɗunsa na rawa. Sanusi ya zo ya rungume ni, ya ce a kunnena ya yafe min, amma in yi wa Allah kar in zo ɗaukar amarya ko a keke.

Bayan an ci abinci Baffa ya kira ni, a gaban dattijon mai gero da ya zo karɓar malfarsa (Malam Ɗahiru ya ba Baffa aron rawani, ya yi masa kaɗan, amma ya fi babu). Ya ce ɓarnar da aka yi a gabansa ba sai an kai ƙara ba. Hukuncin shi ne in koma inda na watsa geron in tattara shi, da hannuna, har sai mai shi ya ce ya gamsu. Na ce ko in biya. Ya ce ai ba kuɗi na watsar ba.

Aka ara min tsintsiya da ƙwarya. Ina durƙushe a bakin kwalta, cikin shaddar da na ɗinka don a gan ni, ina tsince tsabar gero daga cikin ciyawa, bas ɗin 'yan ɗaurin aure ta zo wucewa. Direban ya rage gudu sosai, ya bi ta kan sauran zangarniyar a hankali yadda ake yi, duk tagogin cike da fuskokin 'yan'uwana. Baffa yana gidan gaba. Ya ɗaga wa dattijon hannu, dattijon ya ɗaga masa. Ni ko kallona bai yi ba. An gan ni dai, wannan kam ba zan ce ba a gan ni ba.

Motar sai washegari aka jawo ta da igiya. Sufacajan Lawali ya sauke shi, yanzu haka yana bayan garejinsa ana tare ƙofa da shi. Rawanin ya fito guntu-guntu, baƙi ƙirin, na sayi sabo na kai wa Baffa. Ya karɓa ya sa albarka, ya ce in zauna. Ya tambaye ni, tsakanina da Allah, da na murɗa makullin nan, motar ta tashi ko ba ta tashi ba. Na ce ta tashi, Baffa. Ya gyaɗa kai ya ce to ka gani, rabin addu'ar ke nan.

Na tuba, kuma na daɗe da tuba. Ban ce na daina son a gan ni ba, wannan ciwo ne mai jinkirin warkewa. Amma yanzu ko a wurin cin tuwo aka ɗaga hannu ana addu'a, nakan tura hannuwana biyu a gaba inda kowa zai gan su, kuma ba na taɓa komai sai na ji an shafa.